Hajiya Adiza, Wadda Ba Ta Taɓa Jin Maganata Ba

Ranar Talata da safe ina zaune a ƙofar gidana a Ganou, ina jiran mai ɗakina ta gama dama koko, wayata ta yi ƙara. Da na ga sunan Zenabu, babbar 'yar Hajiya Adiza, na san abin da zan ji tun ban ɗauka ba, domin mun daɗe muna zirga-zirga tsakanin gida da asibiti. Ta gaishe ni yadda ta saba, har da tambayar kwanan iyali, sannan ta ce, "Baba Metir, Inna ta cika." Na faɗi abin da musulmi ke faɗi idan an yi rasuwa, na ba ta haƙuri, na ajiye wayar a kan tabarma. Na jira hawaye, ba su zo ba. Abin da ya fara taso mini haushi ne, irin wanda na shekara kusan arba'in ina haɗiyewa a kan matar nan, kuma ƙarya zan yi in na ce ya gama wucewa yau da nake wannan rubutu.

Kafin in sa riga in nufi gidan rasuwa a Zongo, mutane sun fara sallama a ƙofata. Mai sayar da wagashi, wato cukun nono, a bakin titinmu ta sauke tirenta ta durƙusa tana yi mini ta'aziyya. Wani ɗan zem, wato ɗan acaɓa, ya kashe babur, ya cire hula, yana tambayar Malam Dogo ya haƙuri. Sai da mai ɗakina Bintu ta leƙo ta shaida musu matar wannan gida tana nan da ranta, gidan makoki yana Zongo, sannan suka kama hanya.

Ban ga laifinsu ba. Ga wanda bai san mu ba, sunana Musa, malamin lakwal ne ni, wato makarantar boko, har na ajiye aiki, shi ya sa ake ce mini Metir, malam ke nan da Faransanci. Malam Dogo sunan da nake ɗauka ne a wasan kwaikwayo, mijin Baraka, Baraka kuwa ita ce Hajiya Adiza. Mun yi wannan aure na dandali a gidan matasa na Parakou, mun yi shi a kasuwannin ƙauye daga nan har Djougou, mun yi shi a radiyo, daga baya a kaset da faifai, har ta kai jikokinmu suna kallon mu a waya. Mijinta na gaskiya shi ne marigayi Alhaji Mamman, dillalin shanu, mutum mai sanyin hali da ya riga ta tafiya da shekaru. Ni Yaya nake ce mata don ta girme ni, kuma ba ta taɓa barin in manta da haka ba, ko a tsakiyar wasa.

Da faɗa muka fara sanin juna. Zamanin juyin juya hali ne, lokacin da kowace unguwa ke son ta kafa ƙungiyar teyatur, wato wasan kwaikwayo. Ina sabon malami, na rubuta wani wasa a kan miji da mata, muna gwada shi a cikin aji bayan an tashi yara. Babu gidan da ya yarda ya ba mu 'yarsa, don haka wani saurayi muka ɗaura wa zani da kallabi. Ita ta zo kawo wa ƙanenta saƙo ne, da goyo a baya, ta tsaya a taga tana kallo. Can sai ta tuntsire da dariya, ta ce babu macen da ke magana haka da mijinta a duk faɗin Zongo, wannan takarda ce aka ɗaura wa zani. Raina ya ɓaci, na ce in ta iya ta shigo ta nuna mana. Don in kunyata ta na faɗa. Ta shigo, ko goyon ba ta sauke ba, ta yi wasan daga farko har ƙarshe ba tare da ta faɗi kalma ɗaya cikin abin da na rubuta ba. Samarin suna ta riƙe ciki. Ni kaɗai ne ban yi dariya ba.

Abin bai zo mata da sauƙi ba. 'Yar gidan fataken goro ce, tsohon gida mai suna a Zongo, kuma mahaifinta ya daɗe ba ya amsa gaisuwarta a kan wannan harka. A gidan biki mata kan janye kwanonsu in ta zauna, "'yar teyatur" kuwa zagi ne a wancan lokaci. Alhaji Mamman ne ya rage mata nauyin. In muna da wasa, yakan taso daga kara, ya yi wanka, ya sa babbar riga, ya zauna a bencin gaba yana taunar goro, duk wanda ya yi masa magana ya ce matarsa ce kuma ya san inda take. Ni ma na so in taimaka ta hanyata. Na ba ta shawara ta riƙa fitowa a mace mai ladabi, mai lulluɓi, mai gajeriyar magana, har ƙura ta lafa. A wasa na gaba ta zaɓi fitowa a magulmaciyar da ta raba kan unguwa, ta kuma yi shi da kyau har wata tsohuwa ta ƙi sayar mata da daddawa. Da na yi mata ƙorafi, cewa ta yi, "In sun zage ni a kasuwa, ai sun saurare ni a dandali ke nan."

Aiki da ita wahala ne, kuma ba zan ɓoye wannan ba don ta rasu. Ba ta zuwa gwaji kan lokaci. In ta zo, ba ta karɓar takarda. Takan ce in faɗa mata abin da ya sami matar kawai, in riƙe rubutuna. A dandali ina tsaye ina jiran maganar da za ta ba ni in ɗora tawa, ita kuwa ta tafi wani wuri dabam, tana tambayar wani a cikin jama'a ko shi ma haka yake yi wa matarsa. Zufar da mutane ke gani a goshin Malam Dogo suna dariya, ba ta wasa ba ce, tawa ce ta gaske.

Wata shekara wani furoje, wato shiri na kiwon lafiya, ya ɗauke mu mu yi wasa a kan rigakafin yara a kasuwar Partago. An kafa teburin masu pikir, wato masu allura, a gindin mangwaro, nesa kaɗan da mu. Yadda na tsara, Malam Dogo zai hana a kai yaro, Baraka ta yi ta roƙo, sannan in yi jawabi a ƙarshe, in gane kuskurena, in ba ta izini. Na sha wahala a kan jawabin nan, har na sa an juya mini shi Dendanci da harshen Yom. Da muka kai wurin hanawa, Yaya ta dube ni sama da ƙasa, ta shaida wa jama'a ita ta ɗauki cikin kuma ita ta yi naƙudar, ta gyara goyon 'yar tsanar da muke wasa da ita, ta ratsa tsakiyar mutane ta nufi teburin pikir. Mata da dama suka tashi da goyonsu suka bi ta. Ta bar ni tsaye a fili ni kaɗai, maza suna harara ta kamar ni na aike ta. Dattawan garin ba su ji daɗi ba ko kaɗan, suka ce mun zo koya wa matansu fita ba izini. Ni na durƙusa gaban mai gari ina ba da haƙuri har rana ta karkata, ita kuwa a wani gida aka same ta tana cin sakwara da miyar kuɓewa. A mota na yi mata magana, ta ce jawabina ya yi tsawo kuma masu pikir za su tashi kafin la'asar. Sai bayan shekaru aka sake yarda muka taka garin.

Duk wanda ya koyi wasa a hannunta yana riƙe da wasu maganganunta. Takan ce wa masu ƙaramar murya, "Ka yi magana da tsohuwar da ke can baya, in ita ta ji, kowa ya ji." Ba ta yarda ɗan wasa ya nemi kujera ba, domin a ganinta wanda ya zauna a dandali ya ba jama'a izinin tafiya gida. Ni ban taɓa ganin ta zauna a wasa ba sai in an yi mutuwa a labarin. Tana yi da Hausa, ta juya Dendanci, ta jefa Barganci inda ta ga Bargawa sun yi yawa, Faransancinta kuwa da gangan take karya shi, alhali in ta shiga ofis daidai take yin sa.

Da kyamara ta zo, na ɗauka ta sami mai tanƙwara ta. Yaran da ke shirya fim sa'o'in 'ya'yanmu ne, sun yi karatun abin, suna son a rage murya, a tsaya inda aka sa alama, a maimaita abu sau da yawa. Ta ba su wahala yadda ta ba ni. Wani ya ce ta sake wani kuka don haske bai yi daidai ba, ta ce masa, "Ɗana, na riga na yi kukan nan, ba ni da wani a ajiye." Amma a wannan fim ɗin ne na ga abin da ban taɓa gani a wurin ɗan wasa ba. Ta fito a uwar da ɗanta ya rasu a haɗarin mota a hanyar Kwatano. An tsara ta faɗi ƙasa tana kururuwa. Ta ƙi, ta ce a ba ta kwanon da yaron ke cin abinci. Ta wanke shi a hankali, ta goge, ta kife shi a kan sauran kwanoni, ta tsaya, sannan ta sake ɗauko shi ta riƙe. Ba ta ce komai ba. Ina bayan mai kyamara, sai da na juya fuskata bango. Abin da ya fi ba ni haushi da ita ke nan: sau da yawa ita ke da gaskiya, kuma ta sani, shi ya sa a ranar da ba ita ke da ita ba babu mai iya juya ta.

'Yan matan da suka shigo harkar a bayanmu suna da abin faɗi a kanta fiye da ni. Ita ke zuwa gidan iyayen yarinya ta nemi izini, ta yi alkawarin mayar da ita kafin magariba, kuma ta cika, ko da an bar aiki a tsakiya muna gunaguni. Akwai wani baƙon mai shirya fim, ba zan kama sunansa ba, da ya ɗauki ɗabi'ar kiran 'yan mata gwaji a masaukinsa su kaɗai. Da labari ya kai mata, ta hana yarinyar da aka kira, ta yafa mayafinta ta je da kanta, ta ƙwanƙwasa, ta ce ita ce ta zo gwajin. Bai ƙarasa makon a garin ba. Sai dai harshen da take kare su da shi, da shi take yanka su. Takan gaya wa yarinya a gaban kowa cewa tafiyarta ba ta mutum mai damuwa ba ce, ta mai zuwa ɗaukar hoto ce. Yarinya ta fita tana kuka, ni in bi ta da lallashi, ita kuwa ta ci gaba da shan shayinta.

Shayin nan ma magana ce. Bayan dawowarta daga Makka likita ya shaida mata tana da ciwon sukari, ya hana ta abin da ya kamata ya hana. Ta ce ta ji. A wurin aiki muka riƙa ganin ta tana kwance haɓar zani ta fito da ƙwayoyin sukari ta jefa a kofi, in an kama ta ta ce na baƙi ne. Sakwara kuwa, ta ce duk wanda zai hana ta ita ya fara neman wata Barakar. Magani tana sha ranar da ta tuna. Zenabu, wadda ke aiki a Kwatano, takan bugo mini waya ta ce in sa mata ido, kamar idona ya taɓa hana ta wani abu.

Bara da damina aka kai mu Kolokondé ɗaukar wani fim, ta fito a manomiyar doya da mijinta ya tsufa ya bar mata gona. An tanadar mata takalmin roba. Na roƙe ta ta sa, domin likita ya ja mata kunne a gabana cewa mai irin ciwonta ba ya tafiya ba takalmi, ƙafarsa ba ta jin rauni da wuri. Ta nuna mini matan ƙauyen da suka taru kallo, ta ce in duba wadda ta shiga kunya da takalmi a cikinsu. Na ce kyamara ba za ta nuna ƙafa ba. Ta ce tafiyar za ta nuna. Ta tuɓe ta shiga. Wani tsinken kara ya huda tafin ƙafarta ta hagu, ba ta ma ji ba, sai da mai kula da kayan sawa ta ga jini a ƙasa. Ta yagi tsumma ta ɗaure, ta ce a ci gaba kafin hadari ya taso.

Sauran aikin a Djougou aka yi, ya ɗauki makonni. Ta koma sa safa cikin zafi, tana ɗingishi, in an tambaya ta ce ai matar da take fitowa a cikinta ta gaji da noma, dole ta yi ɗingishi. Muka yarda, har mai shirya fim ɗin yana yaba mata. Mu da muka fi kowa sanin wasanta, mu ta yi wa wasa. Bayan mun dawo Parakou, Bintu ta kai mata fura, ta shiga har ƙurya, ta ji wani wari da turaren wuta bai rufe ba. Da ƙarfi ta yaye mata zani ta cire safar. Ranar Bintu ta dawo gida ba ta iya cin abinci ba.

Likitan da ya duba ta mutum ne mai haƙuri. Ya yi mata bayani dalla-dalla cewa yatsu biyu sun mutu, dole a cire su, in ba haka ba abin zai hau sama. Ta yi masa godiya, ta sa masa albarka, ta nemi mayafinta ta koma gida. Aka shiga kawo garin magani da saiwoyi daga ko'ina, kowa da wanda ya ce ya warkar da wani nasa. Da aka mayar da ita asibiti ba a hayyacinta ba, maganar ta tashi daga yatsu ta koma ƙasan gwiwa. Zenabu ta bar aikinta ta dawo. 'Yan uwa suka yi magana. Limamin unguwarsu ya zo da kansa ya nuna mata neman magani ba ya karo da dogaro ga Allah. Ta saurare shi da ladabi, ta ce duk abin da ya faɗa gaskiya ne, ta kuma ce ba za a yanke ba.

Daga nan Zenabu ta zo gidana. Ta ce, "Baba Metir, kai ka daɗe da ita, wataƙila ta ji taka." Na gaya mata uwarta ba ta taɓa jin tawa ba, ko a kan inda za a ajiye buta a dandali. Amma na je.

Bayan la'asar ne. Ta rame ƙwarai, amma ta sa kwalli, ɗaurin kallabinta yana nan yadda aka san shi. Na fara a hankali. Na ce akwai ƙafar roba yanzu, na ba ta labarin wani mai sayar da tikiti a tasha da ke yawonsa da ita. Na ce muryarta mutane ke so, ba ƙafarta ba, kuma zan rubuta mata wasan kaka da za ta yi daga kan gado in tana so. Na ambaci jikokinta ɗaya bayan ɗaya. Na ce jiki amana ne. Tana kallon silin kamar ruwa ake yi a waje. Ban san lokacin da muryata ta tashi ba, har wata ma'aikaciya ta leƙo. Na ce mata jaruntar nan da take nunawa babu 'yan kallo, babu mai tafa mata, 'ya'yanta kawai take azabtarwa. Sai ta ce wa Zenabu ta je ta samo mata ruwa mai sanyi, ta jira har ta ji an rufe ƙofa.

Ta tambaye ni ko na taɓa jin labarin Gwaggo Hajo, ƙanwar mahaifinta. Na ce a'a. Ta ce irin ciwon nan ne ya kama ta, ita kuma tana yarinya aka sa ta jinya.

"An yanke mata yatsa aka ce shi ke nan. Aka yanke tafin aka ce shi ke nan. Aka kai gwiwa. Ni nake wanke mata wurin, Metir, ni nake jin abin da take faɗi in kowa ya fita. Kuma ta mutu duk da haka." Sannan ta ce, "Ba jarunta nake yi ba. Tsoro nake ji, tun ina yarinya nake jin sa. Kada ka gaya wa yaran."

Matar da ta tsaya gaban mahaifinta, ta tsaya gaban unguwa guda, ita ce ke riƙe da bakin zanin gado. Na ce mata zamanin Gwaggo Hajo dabam, yanzu dabam. Na kuma ce da ta faɗi wannan tun farko, da an san ta inda za a ɓullo mata, maimakon ta bar mu muna ta wa'azi a kan abin da ba shi ne damuwarta ba. Ta ce ba ta saba faɗin irin wannan ba. Na fita na tarar da Zenabu a baranda da ruwa a hannu, na kwashe duka na gaya mata. Ban ga dalilin da zai sa in bi maganar Yaya a wannan wuri ba.

Ta yi fushi da ni sosai. In na shigo sai ta juya fuska bango. Amma abin ya yi amfani, domin likitan ya daina yi mata maganar ƙwayar cuta, ya zauna ya tambaye ta labarin gwaggonta, ya gaya mata abin da zai iya yi mata alkawari da abin da ba zai iya ba. Ya kuma sa aka kawo mata wata mai sayar da atamfa da aka yi wa irin aikin shekaru da suka wuce. Matar ta ɗage zani ta nuna mata, ta taka daga gado zuwa ƙofa ta dawo. Yaya ta ce ta sake takawa, ta kuma gaya mata tana jefa kafaɗa da yawa. Duk da haka ba ta amsa ba. Ta ce za ta yi tunani, ta yi ta tunani, mu kuma muna kallon baƙin yana hawa ƙafar.

Wata safiya ta kira Zenabu ta ce a gaya wa likita ta shirya. Aka yi gwaje-gwaje. Likitan ya kira mu gefe ya ce cutar ta shiga jini, ƙoda ta raunana, zuciyarta ba za ta ɗauki allurar barci ba a yadda take; za a gwada ƙarfafa ta tukuna, amma kada mu sa rai da yawa. Da aka shaida mata, cewa ta yi, "Na ƙi, na yarda, yanzu kuma shi ya ƙi." Ban iya tsayawa a ɗakin ba. Da ta faɗi kalmar amincewar nan wata guda kafin ranar, wataƙila da yanzu tana Zongo tana yi wa ƙafar roba tsiya.

Ganina na ƙarshe da ita, ta daina juya mini baya. Muryar nan da ke kai ƙarshen kasuwa ta koma sai na sunkuya nake ji. Ta ce mu yafe wa juna. Na ce na yafe mata duniya da lahira. Ta ce ita ma ta yafe mini, ban da tona mata asiri da na yi, wannan sai ta ƙara tunani. Ta lumshe ido tana murmushi, na zauna har aka ce masu dubiya su fita.

Jana'izarta ta tara jama'ar da ban taɓa gani a Zongo ba. Mahauta sun rufe rumfunansu, mutanen Djougou sun cika motoci. Na gode wa kowa, amma akwai abin da ya tsaya mini a rai. Na ji waɗanda suka janye kwano daga gabanta suna ba da labarin amincinsu da ita. Na ji manyan da ba su taɓa zama kallon wasanta ba suna kiran ta uwar al'adunmu. Tun ba a dawo daga maƙabarta ba yara sun yanko wuraren da take zagin Malam Dogo, sun ɗora kiɗa, suna yaɗawa a waya. A zaman makoki kuma wani ƙanenta, wanda har ta rasu bai yarda da sana'arta ba, ya ɗaga hannu ya roƙi Allah ya yafe mata wasan nan da ta ƙare rayuwa a ciki. Na ce amin, domin babu wanda ya fi ƙarfin a nema masa gafara. Sannan na roƙi Allah ya yafe mana mu ma, da muke cika fili mu yi dariya da yamma, gari ya waye mu hana 'ya'yanmu gaishe ta. Wasu suka amsa, wasu suka sunkuyar da kai.

Kowa yana gaya mini kwananta ne ya ƙare, kuma na yi imani da haka. Da an yanke da ba a yanke ba, ba za ta wuce ranarta ba. Amma ni mutum ne, kuma na ga yadda abin ya faro daga ɗan tsinke. Don haka ina roƙon duk mai irin ciwonta da ya karanta wannan: ku ɗauki muryarta, ku ɗauki tsayuwarta a kan 'ya'yan mutane, ku bar mata ɓoye ciwo. In tsoro kuke ji, ku faɗa da wuri, tun akwai abin da za a iya yi.

Ya Allah, ga baiwarka Adiza ta zo gare ka. Ka fi mu sanin halinta, ka san abin da ta bayyana da abin da ta ɓoye. Ka gafarta mata, ka karɓi jinyar da ta sha a matsayin kaffara, ka saka mata da alheri a kan kowace yarinya da ta mayar gidan iyayenta lafiya. Ka yalwata kabarinta, ka haskaka shi, ka haɗa ta da mijinta Alhaji Mamman a gidan rahama. Ka ba Zenabu da ƙannenta da jikoki haƙurin wannan rashi, ka haɗa kansu, ka tsare su daga ciwon da ya ɗauke ta. Ni kuma ka sanyaya mini zuciya in daina jayayya da wadda ba za ta ƙara amsa mini ba. Tsoron nan da ta ɗauka ita kaɗai tun tana yarinya, ya Ubangiji, ka sa ya zama shi ne na ƙarshe da za ta gani. Amin.